Sirinjin Tsohon Saje

Maganin da aka sa wa tsohon Saje don ya rage masa zafi shi ya tsayar masa da numfashi. An ɗaura masa da ƙarfe tara na safe, kafin ƙarfe ɗaya na rana an ja masa mayafi har ka.

Sufeto yana cin abinci a kan teburinsa aka kira shi daga asibiti. Ya ajiye cokali, bai sake ɗauka ba. Wanda ya mutu ba baƙo ba ne. Saje ne ya karɓe shi ranar da ya fara sa kaki, shi ya koya masa rubuta bayani, shi ya taɓa wanka masa mari a gaban kanta don ya ɗauki kayan shaida da hannu tsirara. Shekara ashirin da biyu ke nan, yaron ya zama Sufeto har ya yi furfura, amma tsohon bai daina kiransa Kofur ba. Sau ɗaya tak ya kira shi da muƙaminsa, kuma Sufeto ba ya son tuna ranar.

Gado na shida ne, kusa da taga, an zagaye shi da labule. A jikin ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa akwai wani ɗan inji kamar akwati, da babban sirinji kwance a cikinsa, siririn tiyo ya taho daga bakin sirinjin zuwa bayan hannun mamacin. An kashe injin. Saura fiye da rabi a ciki.

Likita yana tsaye, hannuwansa cikin aljihun farar riga.

"Me ke cikin wannan?" in ji Sufeto.

"Mofin ne, gauraye da ruwan gishiri. Ciwon daji ya ci masa ƙashin baya da ƙugu, ƙwayoyi sun daina yi masa komai. Injin yana tura maganin kaɗan-kaɗan cikin jijiya. Sirinji ɗaya kwana ɗaya yake yi, kullum da safe ake haɗa sabo."

"To me ya kashe shi?"

"Yawa ya yi masa. Numfashi ya dinga raguwa, 'yarsa ta ɗauka barci ne. Da aka ankara ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Mun ba shi makari, amma mun makara."

"Wa ya rubuta yawan da za a sa?"

"Ni." Likita ya yi saurin ƙarawa. "Amma haka aka sa masa jiya, haka shekaranjiya, ko gyangyaɗi bai yi ba. Ka duba injin, yana nan a kan lambar da na rubuta. Abu ɗaya ne ya canza yau, Sufeto: hannun da ya haɗa maganin."

"Hannun wa?"

"Ƙaramar nas. Watanta bakwai da fara aiki."

Sufeto ya sa safar hannu, ya sa aka cire sirinjin daga injin, ya ɗaure bakinsa, ya saka a leda ya rubuta rana da lokaci. Sai da ya gama ya ɗaga mayafin. Leɓen tsohon na ƙasa duk tabon cizo ne, tsoho da sabo. Ya mayar da mayafin da sauri.

Ƙaramar nas tana ɗakin ma'aikata, hularta a cinya, an riga an miƙa mata takardar dakatarwa. In magana ta tsaya a yadda Likita ya faɗa, kisan kai bisa sakaci za a tuhume ta da shi, kuma ta sani.

"Kwalba nawa kika fasa?"

"Biyar, Yallaɓai. Yadda yake a rubuce."

"Wa ya gani?"

"Likita ya sa hannu."

"Ban ce wa ya sa hannu ba. Wa ya gani?"

Ta murɗa hular. "Yana sauri. A tsaye ya sa hannu ya wuce."

"Da wa yake haɗawa kullum?"

"Baba Allura. Shi ne babba a ɗakin nan. Yau tun ƙarfe bakwai aka tura shi raka wani mara lafiya a motar asibiti zuwa wani gari, shi ne aikin ya faɗo kaina. Har ya kira ni sau uku. In na ɗauka sai in ji ƙarar mota, in ce Baba, Baba, sai wayar ta mutu. Na ɗauka hanya ce."

"Ranakun da yake haɗawa, wa ke tsaya masa shaida?"

"Ni."

"Kina gani da idonki?"

"Ina gani," in ji ta, tana kallon takalminta.

Auta, 'yar Saje, tana zaune a kan benci a baranda. Sufeto ya san ta tun ana goyonta, Yaya take ce masa. Ya zauna can ƙarshen bencin ya yi mata gaisuwa.

"Barci ya yi, Yaya," ta ce. "Kwana tara bai runtsa ba. Yau da na ga ya yi barci har godiya na yi wa Allah. Har na hana mutanen gadon kusa yin magana da ƙarfi, kada su tashe shi. Ina zaune ina yi masa fifita yana mutuwa."

"Ki yi haƙuri. Za mu gano abin da ya faru."

Ta juyo ta dube shi. "Ai ya gaya maka."

Sufeto ya kau da kai.

Ranar da Saje ya cika kwana huɗu a asibiti ya je duba shi. Ya tarar da mutumin da ɓarayi ke jin sunansa su canza unguwa ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, zufa ta jiƙa matashi, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa. Matan da suka zo dubiya gadon kusa sun zuba masa ido. Tsohon ya ce, "Kofur, matso. Abin nan ba magani a ciki. Ranar farko na ji shi, kamar an zare min ƙusa daga baya. Tun daga nan ruwa ne zalla. Ka bincika."

Sufeto ya ji kunyar matan nan. Ya yi 'yar dariya don su ji, ya ce, "Haba Saje, shekara tara da ritaya, har a gadon asibiti sai ka buɗe fayil? Ka daure mana, mata na kallonka."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya saki ƙarfen, ya share fuska da bayan hannu, ya ce, "To, Sufeto."

Ya yi alkawari zai dawo jibi. Bai dawo ba.

A hanyar komawa ofis maigidansa ya kira shi. "Namu aka kashe. Ka kawo yarinyar nan bayan kanta, a rufe magana."

"A ba ni kwana biyu, ranka ya daɗe."

"Me kake nema? Likita ya gama maka aikin."

"Kwana biyu kawai."

Washegari da safe ya sa aka buɗe masa kabad ɗin da ake kulle irin wannan magani. Ƙa'idar a rubuce take a jikin ƙofar: mutum biyu za su ciro, mutum biyu za su haɗa, kowa ya sa hannu a rajista bayan ya gani. Rajistar tsaf take. Kowace safiya sunan Baba Allura, gefensa sa hannun ƙaramar nas.

Sufeto bai yi dogon karatu ba, amma ya san biro. Ya matsa da littafin kusa da taga. Baba ya yi rubutun ranar Litinin da baƙin biro, Talata da shuɗi, Laraba da baƙi. Sa hannun nas kuwa na kwana ukun nan da biro ɗaya ne, biron da tawadarsa ke ƙarewa: na farko ya fito, na biyu ya dusashe, na uku sai da ta maimaita a kai.

Ya kira ta, ya juya mata littafin.

"Bironki mai haƙuri ne. Ya fara mutuwa ranar Litinin, ya jira Talata ya ƙara mutuwa kaɗan, sai Laraba ya cika."

Ta ɗauke ido daga littafin.

"A zama ɗaya kika sa hannun nan. Ki daina yi min ƙarya, 'yata, don ni kaɗai ne a garin nan ban gama yanke miki hukunci ba."

Sai ta fashe da kuka. "Yallaɓai, a shekaru Baba ya haife ni. Shi ya riƙe hannuna ranar da na fara neman jijiya. Ranar farko na tsaya a kansa yadda aka koya mana, sai ya kalle ni ya ce, 'Yata, je ki duba gado na biyu, ba guduwa zan yi da shi ba. Kowa a ɗakin ya yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar ban ƙara tsayawa ba. In ya tara min sai in sa hannu. Kowa haka yake yi masa."

"Ke nan kwana tara ba wanda ya ga abin da ke shiga sirinjin sai shi."

Ta gyaɗa kai.

Ya tsare Likita a ƙofar ɗakin.

"Sau nawa ka ƙara yawan maganin?"

"Sau huɗu. Zafin ya ƙi sauka."

"Mutum mai shekara saba'in, kana ta ƙara masa, ko hamma bai yi ba. Bai ɗaure maka kai ba?"

"Na ɗauka jikinsa ne ya saba. Yana faruwa."

"Shi me ya ce maka?"

Likita ya gyara tabarau. "Ya ce ruwa muke sa masa. Marasa lafiya suna faɗin abubuwa da yawa."

Sufeto ya so ya zage shi. Sai ya tuna amsar da shi kansa ya ba tsohon.

Baba Allura ya dawo aiki a ranar. Dattijo ne mai farin gemu da sanyin murya, yana tafiya a ɗan duƙe. An ce ko jaririn da jijiyarsa ta ɓuya, shi ake kira, sau ɗaya yake sokawa. Daga nan sunan ya bi shi. Ana wannan zafin amma da safa mai kauri a ƙafarsa cikin takalmi buɗaɗɗe.

"Allah ya jiƙan Saje," ya ce. "Mutumin kirki. Ni nake juya shi, ni nake share masa zufa."

"Kai kake haɗa masa magani?"

"Kwana tara, ba matsala ko ɗaya. Ranar da na ɗaga ƙafa ga abin da ya faru. Yarinya ce, Sufeto, a yi mata sassauci. Hannu bai faɗa ba tukuna."

"Ka kira ta sau uku daga mota."

"Ni? Sai dai in aljihu ne ya danna. Wayoyin nan na zamani."

"Tsofaffin sirinjin da ake cirewa fa?"

"Akwatin shara mai kulle, kullum da yamma a ƙone. Ƙa'ida ce."

Sufeto ya fita. Zargi yana da shi har ya yi masa yawa, amma duk abin da zai nuna wa alƙali ya zama toka. Maigidansa ya sake kira, ya ce gobe da hantsi yana son ganin yarinyar a rufe.

Da yamma, ana shirin tashi daga aiki, Auta ta shigo ofis da jakar tufafin mahaifinta. Ba ta zauna ba. Ta ciro takalminsa na gida, ƙafar hagu, ta ajiye a kan tebur.

"Ina kwashe kayansa na ji abu a ciki."

Hankici ne a naɗe, a cikin hankicin leda, a cikin ledar babban sirinji irin na injin, da ɗan ruwa kamar cokali biyu a gindinsa. An toshe bakinsa da filasta. An manna wata filastar a jiki, da rubutu manya-manya masu rawa: rana, ƙarfe tara da minti goma, gado na shida, daga hannun Baba Allura. A ƙasa an rubuta: A ba Kofur.

Ranar da ke jiki ita ce washegarin zuwan Sufeto.

"Ya sa na sayo masa biro," in ji Auta. "Na ɗauka wasiyya zai rubuta. Ashe da aka zo canzawa ne ya faki ido ya ɗauke tsohon daga kan faranti. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofi. Kullum sai ya ce, Kofur bai zo ba? In ce yana da aiki."

Sufeto ya kasa ɗaga kai. Ya jawo aljihun tebur, ya ciro safar hannu, ya sa, sannan ya taɓa ledar.

Da kansa ya kai sirinji biyun ɗakin gwaji. Ya shiga wurin maigidansa ya ce ba zai rufe yarinyar ba sai sakamako ya fito, in ana so a ba wani aikin. Maigidan ya zage shi tas, ya ba shi kwana uku.

Sakamakon layi biyu ne. Sirinjin ranar mutuwa: daidai yadda Likita ya rubuta, ba ƙari ba ragi. Sirinjin cikin takalmi: ruwan gishiri, da ɗigon magani wanda mai gwajin ya ce ko kyanwa ba zai sa gyangyaɗi ba.

Sai lissafin ya fito fili. Ban da ranar farko, kullum ruwa ake ɗura wa tsoho. Yana ihu Likita yana ƙara yawa a takarda. Ranar da yarinya mai gaskiya ta haɗa abin da takardar ta ce, jikin da bai taɓa sabawa da maganin ba ya karɓi yawan ƙarshe da Likita ya rubuta gaba ɗaya.

Aka kawo Baba Allura ofis da hantsi. Sufeto ya ba shi kujera, ya ajiye leda biyun a gabansa, ya karanta masa sakamakon a hankali, don shi kansa ba ya karatu da sauri.

Baba ya dubi rubutun filastar.

"To, sai dai in kwalaben jabu ne daga sito. Ana samu."

"Kwali ɗaya ne. Na duba. Kwalaben da ka fasa da waɗanda ta fasa, uwa ɗaya uba ɗaya. Nata sun kashe mutum, naka ko barci ba su sa shi ba. Naɗe hannun rigarka."

Baba ya naɗe ba musu. Fatar sumul, ko tabo babu.

"Ka gani?"

"Na gani. Mutumin da ya fi kowa sanin jijiya ba zai soki inda ake kallo ba. Cire safarka."

Baba ya dubi ƙafarsa.

"Sufeto, na girme ka."

"Na sani, Baba. Da wannan maganar ka kashe mutum. Cire."

Dattijon ya sunkuya da ƙyar. Ya zare ta dama. Daga idon sawu har tsakanin yatsu tabo ne baƙi-baƙi a jere, wasu sun warke, wasu da ɗanyen jini. Ya bar safar a hannunsa, bai sake ɗagowa ba.

"Shekara huɗu," ya ce wa ƙasa. "Wani ƙato na ɗaga daga gado, bayana ya tsinke. Aka yi min aiki, aka sa min maganin nan mako biyu. Aka sallame ni, shi bai sallame ni ba. Da farko ragowar da za a zubar nake ɗauka. Ba na cutar kowa, haka nake gaya wa kaina. Sai aka kawo Saje."

"Sai ka samu rijiya."

"Ranar farko kwalba ɗaya na ɗauke. Washegari na kwashe sauran, ya yi kuka, Likita ya ƙara. Da ya ƙara sai rabona ya ƙaru. Ina cika sirinjin da ruwan gishiri, in zo in ɗaura masa da hannuna, in ce sannu Saje, Allah ya kawo sauƙi." "Yana cewa amin."

"Wayar fa? Har yanzu aljihu ne?"

Baba ya girgiza kai. "Tun da motar ta tashi na san abin da zai faru. Na san za ta haɗa daidai, don yarinyar ba ta san ha'inci ba. Magana ɗaya ce: kada ki sa duka. Amma za ta ce don me, Baba? To in ce mata me? Sau uku ina jin muryarta tana Baba, Baba. Shekara ashirin da takwas ana kirana da sunan nan a asibitin. Na kasa. Na ce wataƙila jikinsa zai ɗauka."

"Da ka dawo kuma ka ce a yi mata sassauci."

Baba ya matse safar a hannunsa.

Sufeto ya miƙe. Hannunsa har ƙaiƙayin mari yake yi. Amma kafin ya zagayo teburin dattijon ya ɗago jajayen idanu ya ce:

"Saje ya san ni ne. Ranar nan ya riƙe min hannu ya ce, na gaya wa yarona ɗan sanda, yana zuwa jibi. Kwana biyu ban ci abinci ba ina kallon ƙofa. Wallahi Sufeto har so nake a zo, in huta. Ba wanda ya zo. Sai na ci gaba."

Sufeto ya tsaya inda yake. Ya koma kujerarsa ya zauna. Ya jawo takarda ya ce, "Faɗa daga farko, zan rubuta."

Da aka gama Baba ya sa hannu, aka sa masa ankwa. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya mayar da safarsa kafin a wuce da shi ta gaban mutane. Sufeto ya bar shi. Ƙaramar nas tana zaune a benci a waje, an kira ta ba da bayani. Da ta ga an fito da shi ta miƙe tsaye, don jikinta ya saba. Baba ya juyar da fuska bango har aka shige da shi.

Rahoton ya kai shafi shida. Maigidan ya karanta biyar yana gyaɗa kai, ya zo na shida ya cire tabarau.

"Mene ne wannan? Mamacin ya kawo min ƙara baki da baki ranar kaza, na yi masa dariya, ban bincika ba. Ka haukace? Mutum ya amsa laifinsa. Cire shafin nan."

"A gaban alƙali zai iya cewa tilasta shi muka yi. Lauyansa zai ce 'yar mamacin ce ta haɗa sirinjin a gida. In sirinjin ya faɗi, yarinyar nan za a koma wa."

"To sai me ya kawo sunanka?"

"An rubuta a ba Kofur, ranka ya daɗe. Kotu za ta tambaya wane ne Kofur, kuma don me sai shi."

"Ƙarin girmanka yana kan tebur. Shekara bakwai kana jira."

"Na sani."

Haka kuwa aka yi. A kotu Baba ya janye maganarsa bisa shawarar lauya. Sufeto ya hau akwatin shaida, ya faɗi abin da Saje ya ce masa da abin da shi ya mayar, kalma da kalma, har da maganar mata na kallonka. Auta tana layin gaba. Lauyan ya sa ya maimaita sau biyu, ya maimaita.

Aka yanke wa Baba Allura shekara goma sha biyu. Likita ya samu takardar gargaɗi. An wanke ƙaramar nas daga kisa, aka dakatar da ita wata uku saboda sa hannun, ta koma aiki. An ce yanzu ko shugaban asibiti ne zai fasa kwalba sai ta tsaya a kansa, ana yi mata dariya ba ta motsawa.

Sufeto kuwa an janye ƙarin girmansa, aka cire shi daga bincike, aka ba shi makullin ɗakin ajiyar kayan shaida a ƙarshen baranda. Ɗaki ne mai taga ɗaya da kantoci na ƙarfe har rufi. Auta tana gaishe shi in sun haɗu a hanya, cikin ladabi, ta ce ina kwana Sufeto. Ba ta ƙara ce masa Yaya ba.

Sirinjin Saje na cikin takalmi yana kanta ta uku, daidai tsayin ido. Doka ta ce a ajiye shi har a gama duk wata ɗaukaka ƙara, abin da kan ɗauki shekaru, kuma kullum da safe mai riƙe da makulli ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar suna nan. Sufeto yana da sauran shekara shida kafin ritaya. Kowace safiya sai ya sa safar hannu, ya ɗaga ledar, ya karanta abin da aka rubuta a ƙasan filastar, ya mayar.